Waliya Perpetua da Rigarta da Ta Yage

Ran 7 ga Maris muke tunawa da Waliya Perpetua, wadda ta yi shahada a birnin Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, a shekara ta 203. 'Yar babban gida ce, shekarunta wajen 22, tana da goyo. Tana cikin masu shirin baftisma aka kama ta tare da wata baiwa, Felisiti. A tsare aka yi mata baftismar. Mahaifinta, da furfurarsa, ya yi ta roƙonta ta miƙa hadaya domin Sarkin Roma, ta ƙi.

Ranar kisa, a ƙofar dandali, aka so a sa musu tufafin masu hidimar gunkiya Seres. Perpetua ta tsaya kai da fata har jami'in ya janye. Mu da muke ɗaukar sutura abin yayi kawai, sai mu lura: ita ta san tufa takan nuna wanda mutum yake bauta wa.

Aka sako musu wata mafaɗaciyar saniya. Ta yi sama da Perpetua, ta faɗi rigingine, rigarta ta yage ta gefe. Kafin ta dubi rauninta, jawo rigar ta yi ta rufe cinyarta a idon taro. Sa'an nan ta nemi tsinke ta ɗaure gashinta, gama a al'adarsu mai makoki ce take barin gashi a warware, ita kuwa ranar ɗaukakarta ce. Ta tashi, ta miƙa wa Felisiti hannu ta ɗaga ta.

Da takobi aka ƙarasa su. Hannun saurayin da aka ba aikin yana rawa, ita da kanta ta kai bakin takobin ga wuyanta.