Nicolas Brémontier, injiniyan da ya ɗaure rairayin bakin tekun Faransa

A garin La Teste-de-Buch da ke kudu maso yammacin ƙasar Faransa akwai wani dutsen tunawa da aka kafa a shekarar 1818, zamanin sarki Louis na 18, domin girmama wani injiniyan gwamnati mai suna Nicolas Brémontier. Abin da aka yaba masa a kai shi ne wai shi ya fara tsayar da tuddan rairayin bakin teku, ya kuma lulluɓe su da daji. Batun tsayar da rairayi babu mai musu a kansa. Batun wanda ya fara kuwa, har yau masana tarihin yankin ba su daina ja-in-ja ba.

An haifi Brémontier ranar 30 ga watan Yuli na shekarar 1738 a wani ƙauye na yankin Normandi, can arewacin ƙasar, nesa da wurin da sunansa zai yi tashe. Ya yi karatu a makarantar injiniyoyin hanyoyi da gadoji ta birnin Paris, ya kama aikin gwamnati, aka yi ta yawo da shi gari-gari kamar yadda ake yi wa kowane ma'aikaci. A shekarar 1784, yana da shekara 46, aka naɗa shi babban injiniya na yankin Bordo. Har zuwa lokacin bai yi wani abin da zai sa a tuna da shi ba.

Yankin da aka damƙa masa yana da wata gaɓar teku miƙaƙƙiya, daga bakin kogin Gironde a arewa zuwa bakin kogin Adour a kudu, mai tsawon fiye da kilomita 200, rairayi zalla. Tekun Atlantika yana turo rairayi bakin gaɓa. In ruwa ya janye rana ta busar da shi, sai iskar yamma ta kwashe shi ta yi cikin ƙasa da shi, ta tara shi tudu bayan tudu. Tuddan ba sa zama wuri ɗaya: iska tana ɗiba daga fuskar da ke kallon teku tana zubawa a bayan tudun, a haka tudu guda yake rarrafe har ya iso gona ko gida. Brémontier ya ƙiyasta cewa a wasu wurare rairayin na cin kusan mita 20 a shekara. A garin Soulac mutane sun bar wa rairayi babban cocinsu a shekarar 1744, suka koma can ciki suka kafa sabon gari, kuma sai bayan fiye da shekara 100 aka tono ginin. Mutanen ƙauyen Lège sun tashi fiye da sau ɗaya. Ban da cinye gonaki, tuddan sun toshe wa ƙoramu hanyar zuwa teku, ruwa ya kwanta a bayansu ya zama tafkuna da fadamu, zazzaɓi ya samu wurin zama.

Wanda ya san gabashin Nijar ba sai an yi masa dogon bayani ba. Abin da rairayi ke yi wa kwaruruwan dabino da kanwa a yankunan Gure da Maine-Sorowa, shi ne yake yi wa ƙauyukan can, sai dai nasu daga teku yake fitowa.

Mutanen wurin ba zaman jiran injiniya suke yi ba. A La Teste akwai wani tsohon daji na itacen da Faransawa ke kira pin, mai ganye kamar allura, wanda ake tsaga jikinsa a tatsi ƙaro. A bisa tsofaffin tuddan rairayi dajin ya tsiro, kuma tun shekarar 1468 mutanen garin ke da rubutaccen haƙƙin ɗibar itace a cikinsa. Ke nan kowane mai tatsar ƙaro ya san itacen nan yana rayuwa a rairayi. Iyayen ƙasar wurin, gidan Ruat, sun sha gwada shuka irinsa a bisa tuddai. Wasu ƴan'uwa biyu, Desbiey, ɗayansu limamin coci, sun yi nasu gwajin sun kuma rubuta wa majalisar masana ta Bordo yadda ake yi tun cikin shekarun 1770. Sannan a 1778 gwamnatin sarki ta aiko wani injiniyan sojan ruwa, Charlevoix de Villers, ya duba ko za a iya gina tashar jiragen ruwa a Arcachon. Shi ma ya rubuta rahotanni yana cewa babu tasha babu mashigin ruwa sai an fara tsayar da rairayi, ya kuma bayyana hanyar. Daga baya aka tura shi wani aiki can tsibiran Karibiyan, takardunsa suka zauna a ofis.

Brémontier ya iske duk wannan a ajiye. Abin da ya fi su da shi, ya san yadda ake fitar da kuɗi daga aljihun gwamnati. A shekarar 1786 ya samu amincewar magabata, a 1787 aka soma gwaji a tuddan La Teste, ya ɗora wani ɗan garin mai suna Peyjehan, wanda ya san rairayin ciki da bai, a kan aikin yau da kullum.

Dabarar ba ta da wuyar faɗi. Wahalar iri a bisa tudu ita ce iska: ko ta tone shi ko ta binne shi kafin ya fito. Saboda haka daga gefen teku ake farawa, inda iska ke tasowa, a kafa darni na rassa domin ya tare rairayin da ke tafe. A bayan darnin sai a watsa irin pin haɗe da irin wasu ƙananan itatuwa biyu masu saurin tashi, genêt da ajonc. Daga nan a shimfiɗa rassa a bisa duk filin, ɗaya na danne ɗaya, a aza musu rairayi kada iska ta ɗauke. Ƙananan itatuwan su ke fara fitowa, su riƙe ƙasa su yi wa ɗan pin garkuwa a shekarunsa na farko, har ya girma ya wuce su. In fili ɗaya ya kama sai a matsa gaba zuwa ciki, na baya yana kare na gaba. Aiki ne na ɗaukar kaya: damin rassa dubu bisa dubu, talakawan ƙauyuka maza da mata ke sarowa su haura da su tudu. Mai kallon yadda ake kafa layukan darni da karan hatsi ko kabar goriba a tuddanmu, a dasa itace a tsakani, zai ga ba wani abu ne baƙo ba.

Gwajin ya yi kyau, amma zamani ya juya. Juyin juya halin 1789 ya zo, sarauta ta faɗi, baitulmali ya bushe, aikin ya tsaya. Nan ne halin mutumin ya fito. Gwamnati ta sauya sau da dama cikin shekara goma, kowace ta zo sai ta iske takardar Brémontier a kan teburinta. Ya buga littafinsa a kan tuddan rairayi, ya yi lissafin abin da za a kashe da abin da ƙaro da katako za su mayar, domin ya san hukuma ta fi jin maganar riba a kan kukan ƙauye. Ranar 2 ga watan Yuli na 1801, lokacin da Napoleon ke riƙe da mulki, aka sa hannu a kan dokar da ta kafa hukumar kula da tuddan, aka ba shi shugabancinta, tare da faran dubu 50 na wancan zamani a kowace shekara. Shekara 14 ke nan da fara gwaji, shi kuma yana da 62 a duniya.

Inda aka kama shi da laifi shi ne a rubuce-rubucensa. Bai ba waɗanda suka riga shi haƙƙinsu ba, har ana zarginsa da cewa ya karanta rahotannin Villers da na Desbiey ya yi shiru da sunayensu. Tun yana raye aka fara wannan ƙorafi, bayan mutuwarsa kuma masu binciken tarihin yankin suka tono takardu suka ƙara masa nauyi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ganinmu, zargin yana da tushe, kuma dutsen La Teste ya faɗi fiye da abin da ya faru. Sai dai in za a yi adalci, shekara da shekaru dabarar tana hannun mutane amma tuddai na ci gaba da cin ƙauyuka, domin gwajin mutum ɗaya a gonarsa ba ya tsayar da rairayin kilomita 200. Sai da aka samu mai naci wanda ya mayar da abin aikin ƙasa, da kasafinsa da ma'aikatansa, sannan ya ɗore.

Ya kai muƙamin babban sufeto na hanyoyi da gadoji, ya koma Paris, ya rubuta wani littafi a kan motsin igiyar ruwa. Ya rasu ranar 16 ga watan Agusta na 1809. Abin da aka shuka kafin mutuwarsa ɗan kaɗan ne cikin abin da ya tsara. Magadansa suka ci gaba, suka ƙara da wata dabara: kafa shingen katako a bakin gaɓa, rairayi ya taru ya rufe shi, a ɗaga shi sama, a haka har suka gina dogon tudu na kariya tsakanin teku da daji, suka dasa masa wata ciyawa mai suna oyat. Wannan ciyawa abin mamaki ce, domin binnewar da ke kashe sauran tsirrai ita ke ƙara mata ƙarfi. Rairayi na hawa tana hawa, saiwoyinta na saƙa tudun daga ciki. A shekarar 1862 aikin ya koma hannun ma'aikatan gandun daji, kuma wajen 1876 aka kammala, an ɗaure fiye da hekta dubu 80.

Akwai waɗanda ba su yi murna ba. A filayen da ke bayan tuddan, waɗanda ake kira Landes, makiyayan tumaki ne ke zaune, masu ɗaura dogayen sanduna a ƙafa domin ratsa fadama da hangen garke daga nesa. Da aka ga pin ya karɓi rairayi, sai gwamnatin Napoleon na 3 ta yi dokar 1857 wadda ta tilasta wa ƙananan hukumomi su janye ruwan filayen su shuka itace. Makiyayar da kowa ke da haƙƙi a cikinta ta koma gonakin itace na masu hali. Makiyaya sun yi ta cinna wa sababbin shuke-shuke wuta, amma a ƙarshe kiwon ya mutu. Wannan ya faru kusan shekara 50 bayan Brémontier, ba shi ya yi ba, amma nasararsa ce ta buɗe ƙofar. Dajin da ya fito daga ciki ya kai kusan hekta miliyan ɗaya, kuma kusan duk itace iri ɗaya ne mai ƙaro, abincin wuta. Gobarar 1949 ta kashe mutum 82. A watan Yuli na 2022 wata gobarar ta cinye kimanin hekta dubu 7 a La Teste kanta, har da mafi yawan tsohon dajin da ya koya wa mutane dabarar tun farko.

Teku kuwa ba ta shiga yarjejeniyar ba. An hana rairayi shiga ƙasa, amma ruwa yana ci gaba da zaizayar gaɓa, a wasu wurare mita biyu ko fiye a shekara. Ramukan siminti da sojojin Jamus suka gina a bisa tudu lokacin yaƙin duniya na biyu, yau da yawansu suna kwance a bakin ruwa. A Soulac ɗin nan da rairayi ya taɓa binne coci, an gina wani dogon bene na gidaje mai suna Le Signal a shekarun 1960, tazarar kusan mita 200 daga ruwa. A 2014 aka kwashe mazaunansa domin teku ta iso gindinsa, a 2023 aka rushe shi.

Wannan ya sa masu kula da gaɓar a yau suka sauya ra'ayi a kan tudun bakin teku. Sun gane cewa rumbu ne na rairayi: guguwar hunturu ta ɗiba daga cikinsa, lokacin da ruwa ya lafa igiya ta mayar, iska ta sake tarawa. In aka ƙanƙame shi ƙam, ko aka yi gini a kansa, wannan musaya ta tsaya, gaɓa ta rame. Saboda haka yanzu suna barin tudun ya ɗan motsa, suna toshe ɓarakar da iska ta yi da rassa kamar yadda Peyjehan ya yi, suna killace hanyoyin masu zuwa wanka kada ƙafa ta kashe ciyawa. Har tarkacen ganyen ruwa da itacen da igiya ke yasarwa a bakin gaɓa, wanda a da ake sharewa da injin, a wurare da dama an daina taɓa shi, domin a cikinsa ƙwari ke rayuwa, tsuntsayen da ke ƙwai a rairayi su samu abinci, tsiron farko na sabon tudu ya samu taki.

Kusa da inda aka yi gwajin 1787 akwai tudun Pilat, wanda ya fi kowane tudun rairayi tsawo a nahiyar Turai, sama da mita 100. Shi ma an taɓa shuka wurin da pin, rairayi ya taso ya binne shukar. Yana tafiya cikin daji mita ɗaya zuwa biyar a kowace shekara, ya riga ya haɗiye itatuwa da hanya da gida, kuma mutum fiye da miliyan ɗaya ke zuwa hawansa a shekara. Hukuma ta sa shi cikin wuraren da doka ta kare, babu mai shirin tsayar da shi.