Ladi Kwali: Mai Ginin Tukwane da Sirrin Wuta

Duk yaron da aka aika kanti da naira ashirin a Ketaren Gwari, yana riƙe da hoton wata mace da ta rasu a nan garin Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Ita ce Ladi Kwali, wadda aka sa hotonta a bayan takardar kuɗin tun 2007.

An haife ta wajen 1925 a ƙauyen Kwali na ƙasar Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. Tun tana ƙarama ta koyi gina randa da tulu da hannu, tana zana musu kunama, ƙadangare, kada da kifi. Kyawun aikinta ya sa Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa. A can ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar koyon tukwane da ya kafa a Abuja, wato Suleja ta yau, ta zama mace ta farko a cikinta.

A nan ta gamu da wata irin wuta. Tukunyar gargajiya a fili ake gasa ta da itace da ciyawa, zafin bai isa ya toshe ƙananan kafofin yumɓu ba. Shi ya sa randa take tsatsafo, ruwan cikinta ya yi sanyi. Amma tanderun makarantar zafinsa ya haura digiri 1,200. A wannan zafi wani sashe na yumɓun yakan narke ya zama gilashi, a cikinsa kuma ƙananan kiristal masu siffar allura, da ake kira mulayit, su tsiro su sarƙe da juna, tukunya ta yi tauri kamar dutse. Ladi ta riƙa cika zanenta da farar ƙasa, a rufe shi da shafe mai ƙyalli, zanen ya fito sarai daga ƙarƙashi.

Canjin bai zo kyauta ba. Randar ta yi nauyi, ta kuma daina sanyaya ruwa, ta koma abin ado. Duk da haka Ladi ba ta yar da ginin hannu da zanen da ta gada ba. Da su ta nuna gwanintarta a Ingila da Amurka. Ta sami lambar MBE a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Gidan maginin tukwane aka aiki Annabi Irmiya ya ga yadda Ubangiji yake sarrafa mutanensa. Iyaye su lura: baiwar da Allah ya sa a hannun 'ya'yansu, ko ta yumɓu ce, ba abin rainawa ba ce.