Taƙaitaccen Tarihin Shehu Abdullahi Ɗan Fodiyo, Mai Gwandu (1180–1245 B.H.)

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa a ɗariƙa, al'adarmu ce a wannan Maukibi mai albarka mu ambaci wani daga cikin manyan da suka sha daga tafkin Sidi Abdulƙadir Jilani, Allah Ya yarda da shi. Bana mun zaɓi Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Mujaddadi Shehu Usmanu, almajirinsa kuma wazirinsa, domin a rayuwarsa ake ganin yadda mutum zai so shehinsa so na gaskiya ba tare da ya rufe idonsa ba.

An haife shi a shekara ta 1180 bayan Hijira, wato wajejen 1766, yana bayan yayansa da kimanin shekara 12. Ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo, da ya kai shekara 13 sai ya koma hannun Shehu Usmanu, inda ya ɗauki fiƙihu da tauhidi da tasawwufi. Bai tsaya ga malami ɗaya ba. Ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya saurari Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, daga baya kuma ya jera sunayen malamansa da abin da ya karɓa daga kowannensu a littafinsa Ida'un Nusukh. Wanda ya duba wannan ɗan littafi zai ga da ma'aunin da magabata suke zaɓen abin koyi: wane ilimi mutum ya riƙa, daga hannun wa ya karɓo shi, kuma shin aikinsa ya dace da maganarsa.

Tun yana saurayi yake bin Shehu yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi. Lokacin da wani malami ya soki Shehu a waƙe saboda mata suna halartar majalisinsa, Abdullahi aka umarta ya ba da amsa, ya kuwa mayar da ita a waƙe, yana nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi wancan muni. Shi ne ya mayar da waƙar Shehu ta kamun ƙafa da Sidi Abdulƙadir daga Fulatanci zuwa Larabci. Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, shi ya fara miƙa hannu ya yi wa Shehu mubaya'a, shi ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto a wannan shekarar, a 1805 kuma aka buɗe Birnin Kabi a hannunsa. Babu mai shakkar biyayyarsa.

To amma a nan ne tarihinsa ya ɗauki wata hanya da masu yabo sukan tsallake. Bayan Tsuntsuwa da Alwasa, inda malamai da mahardata masu yawa suka yi shahada, sai ya duba jama'a ya ga fuskarta ta fara sauyawa. Mutanen da aka fito da su don Allah sun ragu, an sami waɗanda himmarsu ta koma ga ganima da sarauta da ado. Abin ya dame shi ƙwarai, har a 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Da ya iso Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, sai mutanen gari suka riƙe shi suna roƙon ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya karantar da su tafsiri, daga nan ya fasa tafiyar ya koma wurin yayansa.

A lura da kyau. Mutumin da ya fi kowa kusanci da Shehu shi ne ya fi kowa faɗin aibin da ya ɓulla a cikin jama'ar Shehu, ya kuma rubuta shi a Tazyinul Waraƙat don na baya su karanta. Bai ce tunda tutar ta waliyyi ce, duk wanda ya tsaya a ƙarƙashinta ya tsarkaka ba. Haka kuma ganin ɓarnar bai sa ya kwance mubaya'arsa ba. Yau sai ka ga yaro ya ɗauki mutum ya kai shi sama saboda girman rawani ko yawan motocin da ke bin sa ko daɗin muryarsa a lasifika, ran da kuwa ya ji wani tuntuɓe daga gare shi, sai ya zubar da shi, wani lokaci har da wuridin da ya karɓa. Ciwon guda ne: tun farko bai auna ba.

Har a fagen ilimi ya saɓa wa Shehu. Abdullahi mutum ne mai tsananin riƙo da mashhurin mazhabar Imamu Malik. Ya ƙyamaci kayan kiɗa, da sa tufafin alfarma na ganima, da kiran shugabannin Musulmi da laƙabin sarakunan da aka kawar. Shehu kuwa, da yake nauyin jama'a duka yana wuyansa, ya sassauta a wasu daga cikin waɗannan mas'aloli a Misbahu li Ahli Hazaz Zaman da Najmul Ikhwan, yana mai dogaro da cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba a tsananta inkari. Abdullahi ya bayyana nasa ra'ayi a Liya'us Sultan. Littafi ya amsa littafi, hujja ta fuskanci hujja, ba wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga da'ira. Shehu ma da kansa ya umarci almajirai su lazimci littattafan ƙanen nasa, saboda tsayuwarsa a kan zahirin shari'a. A ganina wannan ladabi ya fi ƙarfin yawancinmu, mu da mas'ala ɗaya takan raba zawiya biyu.

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma, ya zauna a Boɗinga. Yaƙi da shari'a ba su hana shi alƙalami ba. A wannan tsakani ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awil, wanda aka buga a juzu'i 4, daga baya ya sauƙaƙa wa masu ƙaramin ƙarfi da Kifayatu Du'afa'is Sudan. Yana da Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu, waɗanda har yau ake karantawa a zaurukanmu.

Jarrabawa mafi nauyi ta zo masa a 1817, da Shehu ya rasu. Manyan Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a, masu tarihi kuma sun ruwaito cewa da Abdullahi ya iso daga Boɗinga ya tarar an rufe ƙofar gari. Ya juya da ɓacin rai, aka ɗauki 'yan shekaru akwai sanyi tsakanin baffa da ɗa. Ba ma ɓoye wannan, kuma ba ma jin kunyarsa, domin aƙidar Ahlus Sunna ita ce isma ta Annabawa ce kaɗai. Waliyyi ɗan Adam ne, ransa yana sosuwa, abin da ya bambanta shi da waninsa shi ne inda yake kai zuciyarsa bayan sosuwar. Abdullahi bai ɗaga tuta a kan ɗan yayansa ba, alhali yana da mabiya da ilimi da shekaru. Da 'yan tawaye suka yi ƙarfi a Kalambaina, Bello ya taho da rundunarsa ya taimake shi. Bayan nasara suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, sai dattijon ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi.

Daga nan ya rage shiga harkar mulki, ya bar yawancinta a hannun 'ya'yansa da ɗan yayansa Muhammadu Buhari, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu a kan zuhudu da gyaran zuciya. Ya rasu a Gwandu a farkon shekara ta 1245, daidai da 1829, a can kuma hubbarensa yake. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma Halilu ɗan Abdullahi. Allah Ya jiƙansa, Ya yarda da shi, Ya amfane mu da iliminsa, amin.