Gerhard Herzberg, Mai Karanta Sirrin Haske

Ya kai ɗalibi, iskar da kake shaƙa a Rumde, a bakin kogin Binuwai, yawancinta naitirojin ce da oksijin. Kowace ƙwayarsu zarra biyu ce a haɗe, kamar tagwaye. Mutumin da za ka karanta labarinsa ya ƙare rayuwarsa wajen nazarin irin waɗannan ƙwayoyi.

An haifi Gerhard Herzberg a birnin Hambug na ƙasar Jamus ranar 25 ga Disamba, 1904. Mahaifinsa ya rasu yana yaro. Ya so ya zama masanin taurari, amma aka gaya masa wannan ilimi sai mai hali. Saboda haka ya karanta kimiyyar fiziks a Darmstadt, ya sami digirin digirgir a 1928.

Ga yadda aikinsa yake. Idan haske ya ratsa iska, aka warwatsa shi kamar bakan gizo, sai a ga waɗansu layuka siri-siri. Daga waɗannan layuka yake gane tazarar da ke tsakanin zarra biyun, da kuma matakin da elektron yake. A ƙwayar da zarrarta biyu iri ɗaya ne, ɓangarenta na dama daidai yake da na hagu. Wannan daidaito ya raba matakan gida biyu, waɗanda ake yi wa alamar g da u, daga kalmomin Jamusanci masu nufin cika da mara. Idan elektron ya sha haske, daga g yake tsallakawa zuwa u, ko daga u zuwa g. Lura da kyau, ƙwayar iskar gawayi mai guba ba ta da wannan rabo, domin zarrarta biyu sun bambanta.

Mulkin Hitila ya hana shi koyarwa saboda matarsa Luise Bayahudiya ce. A 1935 suka yi hijira zuwa Kanada, Jami'ar Saskacewan ta karɓe shi. Yana can littafinsa kan ƙwayoyi masu zarra biyu ya fito a 1939.

Abin da ya fi burge ni shi ne, taurarin da aka hana shi bai rabu da su ba. A 1941, shi da abokin aikinsa Douglas suka gano wata ƙwaya ta kabon da haidirojin a sararin da ke tsakanin taurari. Ya sami lambar Nobel a fannin kemistiri a 1971, ya rasu a Ottawa ranar 3 ga Maris, 1999.