Albert Einstein: Masanin da hasashensa ya tabbata shekara 60 bayan mutuwarsa

An haifi Albert Einstein a garin Ulm na ƙasar Jamus ranar 14 ga Maris, 1879. Da ya kammala karatu a Zurich bai samu aikin koyarwa na dindindin ba, sai ya kama aiki a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern a 1902. Yana wannan aiki ne ya fitar da maƙalu huɗu a 1905 waɗanda suka sauya alƙiblar ilimin fiziks.

A 1915 ya bayyana cewa nauyin rana da taurari yana lanƙwasa sararin samaniya, har haske ma yakan karkace idan ya ratsa kusa da su. Husufin rana na 29 ga Mayu, 1919, wanda Arthur Eddington ya ɗauki hotonsa a tsibirin Principe da ke kudu da gaɓar tekun Nijeriya, ya gaskata wannan bayani.

Tun a 1916 lissafinsa ya nuna cewa idan abubuwa masu tsananin nauyi suka kewaya juna da gudu, sararin kansa zai girgiza, girgizar ta bazu kamar yadda ruwan Binuwai a Jimeta ke yin zobe-zobe idan an jefa masa dutse. Sai dai shi kansa ya yi kokwanto. A 1936 ya rubuta cewa babu irin waɗannan igiyoyi, kafin ya gano kuskurensa ya gyara. A 1939 kuma ya musanta samuwar baƙin rami, wato tauraron da ya durƙushe har haske ba ya iya kuɓuta daga gare shi.

Einstein, wanda Bayahude ne, ya rabu da Jamus bayan hawan Hitler mulki a 1933, ya zauna a Princeton ta Amurka har ya mutu ranar 18 ga Afrilu, 1955, yana da shekara 76.

Ranar 14 ga Satumba, 2015, da ƙarfe 10:50 na safe agogon Nijeriya, na'urorin LIGO biyu a Amurka suka kama girgizar haɗewar baƙaƙen ramuka biyu, ɗaya ya ninka nauyin rana kusan sau 36, ɗayan sau 29. Girgizar ta shafe kimanin shekara biliyan 1.3 tana tafe. Abubuwa biyun da ya yi shakka a kansu sun bayyana tare, a daidai yadda lissafinsa ya tsara.