Nana Asma'u: Malamar Da Ta Zuba Ilimi Cikin Waƙa

Mu da muke fatauci tsakanin Garwa, Yola da Mubi, kunnuwanmu sun saba da waƙoƙin bege da na wa'azi, da Hausa ko da Fulatanci, a bakin kasuwa da tashar mota. Amma ba kowa ya san cewa cikin manyan da suka ɗaukaka irin wannan waƙa akwai mace ba, wato Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

An haife ta a Ɗagel a shekarar 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ta tashi cikin yaƙi da yunwa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Gidansu gidan Ƙadiriyya ne, kuma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Abin da ya dame ta shi ne matan karkara, waɗanda ba su iya karatu ba, bori kuma ya riƙe da yawansu. Littafi ba zai kai gare su ba, amma waƙa tana shiga har inda ake daka da kaɗi. Sai ta riƙa tsara tauhidi da tarihin Annabi (SAW) da labarin mata waliyyai a baitoci masu sauƙin hadda. Ta zaɓi dattawan mata amintattu, ta ba kowacce malfa da sarautar Jaji. Su ke jagorantar ayarin mata, 'Yan Taru, zuwa wurinta da sadakar zuma da hatsi, su koma ƙauyukansu da waƙa a ka. A ganinmu, ko madugu bai fi ta sanin yadda ake kai kaya ga mai buƙata ba.

Garwa a zamanin nan tana ƙarƙashin Yola, ƙasar Modibbo Adama wanda ya karɓo tuta a hannun Shehu, shi ya sa waƙoƙin addini na Fulatanci, da ake kira gime, suka zauna daram a wannan yanki namu.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta. Allah Ya jiƙan ta.