Djibo Bakary, malamin lakwal na Ƙonni da ya ce a'a

Gadar Fariye da ke kan kogin Kwara, arewa da Yamai, tana ɗauke da sunan Djibo Bakary. An gina ta a zamanin shugaba Issoufou Mahamadou, ɗan Dandaji a yankin Illela. Matafiya da yawa na haye ta ba su san cewa mai sunan ya fara aiki a ƙasar nan tamu ba, a Birnin Ƙonni, da alli a hannu.

An haifi Djibo a 1922 a Sudure, kusa da Yamai, garin da Diori Hamani ya fito. Dangi ne ma. A Tawa ya yi lakwal yana yaro, nan Hausa ta zauna a bakinsa. Daga makarantar William Ponty ta Senegal aka turo shi koyarwa a Ƙonni, sannan Agadas. Lokacin aikin dole ne, lokacin da kumandan ke ɗaure mutum ba tare da shari'a ba. Sai a 1946 aka soke aikin dole.

Ya shiga jam'iyyar PPN-RDA har ya zama babban sakatarenta, amma suka raba gari da Diori. Daga nan ya koma wa ƙungiyoyin ƙwadago: direbobi, leburori, 'yan dako, masu aikin gidajen Turawa, mutanen da ba a saba tambayarsu ra'ayi ba. A 1954 ya kafa UDN, wadda daga baya ta zama Sawaba, mai alamar raƙumi. Wannan kalma ita ce talakawan NEPU ta Malam Aminu Kano ke kira a ƙetaren iyaka, kuma mutanen Ƙonni da ke cin kasuwar Illelar Najeriya sun ji ta ta ɓangarorin biyu.

A 1956 ya zama magajin garin Yamai na farko, a 1957 ya shugabanci gwamnati. Sai zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958: zama cikin tarayyar Faransa ko 'yanci nan take. Djibo ya nemi jama'a su ce a'a, kamar Seku Ture a Gine. Faransa ta aiko sabon gwamna, Colombani, manyan sarakuna suka juya wa Sawaba baya. Masu cewa i suka samu kusan kashi 78 cikin ɗari, a zaɓen da akasarin masu rajista ba su fito ba. Cikin makonni mulki ya kuɓuce masa, a 1959 aka haramta jam'iyyar.

Gudun hijira ya kai shi Mali, Gana da Gine. Mayaƙan da Sawaba ta shigo da su a 1964 an murƙushe su, kuma talakawan ƙauye ne suka sha dukan da ya biyo baya. Wannan nauyi yana cikin tarihinsa, ko masoyansa ba za su iya cire shi ba.

Bayan juyin mulkin 1974 ya dawo gida, Seyni Kountche ya tsare shi a 1975 na shekaru. A zaɓen 1993 ya tsaya takara, bai kai kashi 2 ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.